Wahalar kiwon talibamban teku a cikin gida

A shagunan sayar da kifayen ado na Turai da Amurka da gabashin Asiya, akwai wani ɗan kifi da kan ja hankalin masu saye fiye da sauran. Idanunsa manya ne, bakinsa ya yi kama da na aku, kuma yakan matso jikin gilashi ya ƙura wa mutum ido.

Wannan kifi shi ne talibamban teku. Galibi ana sayar da shi ne yana ɗan ƙarami, tsawonsa bai wuce yatsa ko tafin hannu ba.

Sai dai abin da masu saye da dama ba su sani ba shi ne, cikin 'yan shekaru wasu nau'o'insa kan kai tsawon kamu guda, wasu ma su zarce mita ɗaya. Idan ya samu kulawa yakan rayu fiye da shekaru 10, kuma a tsawon wannan lokaci yana buƙatar ɗaruruwan litoci na ruwan gishiri, da wutar lantarki dare da rana, da abinci na musamman.

Masana kiwon kifi na cewa yawancin waɗanda ke mutuwa a hannun masu su, rashin shiri ne ke kashe su, musamman ƙarancin wuri da lalacewar ruwa.

Wane irin kifi ne?

Masunta a ƙasar Hausa sun san talibamban ruwan daɗi, kifin nan da ke kumbura ya zama kamar gora idan aka ciro shi daga ruwa. Ana samun sa a kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi da kuma kogin Nilu, inda Misirawa ke kiran sa fahaka. Yakan kai santimita 40 ko ya ɗan haura.

Wannan kifi ɗaya ne daga cikin dangi mai nau'o'i kusan 200, wanda masana kimiyya suka laƙaba wa suna Tetraodontidae, ma'ana masu haƙora huɗu. Kaɗan ne daga cikinsu ke zaune a koguna da tafkuna. Mafi yawa suna cikin tekuna masu ɗumi, musamman a kewayen duwatsun murjani na Tekun Indiya da na Pasifik da Bahar Maliya.

Manyan da aka fi kiwatawa a gida sun fito ne daga zuriyar da ake kira Arothron. Daga cikinsu akwai mai fuska kamar ta kare, wanda kan kai santimita 33. Akwai mai fararen ɗigo-ɗigo, da kuma wani mai zane irin na zabo, waɗanda kowanensu kan kai santimita 50. Akwai mai zane kamar taswira, mai kaiwa santimita 65. Babbansu kuwa, Arothron stellatus, yakan kai santimita 120, wato ya kusa tsayin yaro ɗan shekara bakwai.

Akwai kuma 'yan uwansu masu dogayen ƙayoyi kamar na beguwa. Su danginsu daban ne, haƙoransu biyu ne kacal, amma 'yan kasuwa kan haɗa su a suna ɗaya, kuma buƙatunsu a tanki kusan iri ɗaya ne. Irin wannan ne aka nuna a fim ɗin yara na Finding Nemo na shekarar 2003, yana zaune a tankin wani likitan haƙori a birnin Sidni.

Talibamban ba gwanin gudu ba ne. Da ƙananan fika-fikansa na gefe da na baya yake tafiya, a hankali, amma yana iya tsayawa cak a wuri ɗaya, ya juya, ya ma koma da baya. Kowane idonsa yana iya motsawa shi kaɗai, ba tare da ɗayan ba.

Masu kiwon sa na cewa yakan gane wanda ya saba ba shi abinci, ya riƙa bin sa daga wannan gefen gilashi zuwa wancan, wani lokaci har ya feso masa ruwa da baki don neman ƙari. Karin maganar nan ta kifi na ganin ka mai jar koma ta dace da shi ƙwarai. Wannan hali ne ya sa farin jininsa ya ƙaru, har wasu ke kwatanta shi da ɗan kwikwiyo.

Batun girman tanki

Matsala ta farko ita ce wurin zama. Akwai wata magana da ta yaɗu a tsakanin masu saye, cewa wai kifi kan girma ne daidai da girman tankin da aka sa shi. Masana sun ce ba haka ba ne. Kifin da aka matse a ƙaramin wuri zai iya tsumburewa, amma tsumburewar alama ce ta rashin lafiya, kuma takan gajarta rayuwarsa.

Ga mai fuskar kare, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a cikin manyan, ƙwararru kan ba da shawarar tanki mai cin lita 500 zuwa 600. Masu kaiwa santimita 50 na buƙatar lita 700 zuwa sama, mai zanen taswira kuwa fiye da lita 1,000. Shi kuwa babbansu, ra'ayin yawancin masana shi ne bai dace da gida ba sam, sai manyan gidajen baje kolin halittun ruwa.

Faɗin tankin ma abin dubawa ne, domin jikin talibamban ba ya lanƙwasuwa sosai kamar na sauran kifaye. Idan tankin siriri ne, juyawa kanta sai ta zame masa aiki.

Lita 600 daidai take da duro uku, ko jarka 24 masu cin lita 25. Nauyin ruwan kaɗai ya haura kilo 600. Idan aka haɗa da gilashi mai kauri da duwatsu da yashi da teburin da zai ɗauke shi, nauyin kan zarce kilo 800, kwatankwacin buhun siminti 16 a wuri ɗaya. Saboda haka mazauna gidajen bene kan tuntuɓi injiniyan gini kafin su ajiye irin wannan tanki.

Ruwan teku a cikin falo

Matsala ta biyu ita ce ruwan kansa. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Ba gishirin miya kaɗai ba ne, domin akwai wasu ma'adinai da dama a haɗe da shi, waɗanda halittun teku ba sa rayuwa sai da su. Don haka masu kiwo kan sayi garin gishiri na musamman da kamfanoni ke haɗawa, su narka shi a ruwan da aka tace tas, wanda aka raba da sinadarin kilorin na ruwan famfo.

Cika tanki mai lita 600 karon farko na cin kilo 21 na wannan gishiri. Idan kuma ana sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan a kowane mako, kamar yadda aka saba yi, to a shekara za a kashe fiye da kilo 100.

Kullum wani ɓangare na ruwan kan bi iska, amma gishirin yana nan. Shi ya sa ake cike gurbin da ruwan daɗi tatacce. Wanda ya cike da ruwan gishiri, sannu a hankali zai mai da tankin ya fi ƙarfin kifin.

Zafin ruwan kuma dole ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. A ƙasashe masu sanyi ana sa na'urar ɗumama ruwa. A ƙasashe masu zafi kuwa, na'urar sanyaya ruwa ake buƙata, wadda ta fi tsada kuma ta fi shan wuta.

Babban haɗarin da ba a gani da ido shi ne sinadarin amoniya. Kifi kan fitar da shi ta hanyar numfashi da kashi, kuma ragowar abincin da ya ruɓe ma kan haifar da shi. A cikin teku, yawan ruwa kan shanye shi. A cikin tanki kuwa taruwa yake yi, ya ƙona gaɓoɓin numfashin kifin.

Masu maganin wannan su ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, da ke zama a jikin duwatsu da yashi da matatar ruwa. Su ne ke juya amoniya zuwa wani sinadari da ake kira naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan su juya shi zuwa naitiret, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar sauya ruwa.

Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita a sabon tanki, akan ɗauki makonni 4 zuwa 6. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya sayo tanki da kifi rana ɗaya, da wuya kifin ya yi nisa.

Lamarin ya fi tsanani ga talibamban, saboda yadda yake cin abinci. Yakan farfasa abin da aka ba shi, ya tofar da wani, ya watsa gutsattsari ko'ina. Wannan ya sa ake haɗa masa matata mai ƙarfi, da wata na'ura da ke amfani da kumfa wajen kwashe datti kafin ya ruɓe.

Duk waɗannan na'urori da wutar lantarki suke aiki. Masu kiwon tarwaɗa sun san cewa ita takan jure gurɓataccen ruwa, domin tana iya ɗagowa ta shaƙi iska a sama. Talibamban teku ba shi da wannan baiwa. Idan injin da ke motsa ruwa ya tsaya, iskar oksijin kan ragu cikin sa'o'i kaɗan, ƙwayoyin bakteriyar nan ma su fara mutuwa. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, ba a maganar irin wannan kiwo sai da janareto ko batura masu kama aiki nan take.

Haƙoran da ba sa daina tsiro

Haƙoran talibamban huɗu ne, biyu a sama biyu a ƙasa, a manne da juna kamar bakin aku. Da su yake fasa ƙaguwa da katantanwa da kawa, har ma da reshen murjani.

Waɗannan haƙora ba sa daina tsiro har ƙarshen rayuwarsa. Wani bincike da masana a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka wallafa a shekarar 2017 ya nuna yadda sababbin zubin haƙori ke ci gaba da fitowa daga ciki, suna maye gurbin waɗanda suka cinye.

A cikin teku, taurin abincinsa ne ke goge masa su. A cikin tanki kuwa, idan aka riƙa ba shi nama mai laushi kawai, haƙoran kan yi tsawo har ya kasa buɗe baki yadda ya kamata. Daga nan sai ya daina cin abinci, ya rame, yunwa ta kashe shi alhali ga abinci a gabansa.

Rigakafin shi ne a riƙa ba shi kawa da kumba a cikin ɓawonsu, da ƙaguwa, da jatan lande wanda ba a ɓare ba, a kuma riƙa sauya masa cima don kada ya rasa wasu sinadarai. Ƙanana kan ci kullum, manya kuwa sau uku ko huɗu a mako ya wadatar. Talibamban ba ya nuna ya ƙoshi, don haka yawan ba shi abinci kan jawo masa ƙiba da ciwon hanta, ya kuma ɓata ruwa.

Idan haƙoran sun riga sun yi tsawo, sai an datse su. Likitocin dabbobi kan sa kifin barci da wani magani da ake zubawa a ruwa, wasu kuma kan yi amfani da man kanumfari, sannan a rage haƙoran da ɗan almakashi ko na'urar gogewa. Aiki ne mai haɗari, domin maganin da ya yi yawa kan sa kifin ya wuce daga barcin.

Ƙarfin bakin nasa kan shafi kayan tankin ma. Yakan tauna wayar lantarki da bututun roba, ya kuma fasa gilashin na'urar ɗumama ruwa, abin da ya sa ake ɓoye su a wani ƙaramin tanki na ƙasa. Babban talibamban na iya yi wa yatsan mutum mummunan rauni, don haka da dogon hantsaki ake miƙa masa abinci.

Masunta a Bahar Rum sun shaida wannan ƙarfi. Wani nau'in talibamban da ya shigo ta mashigin Suwez, wanda aka fara gani a gaɓar Turkiyya a shekarar 2003, ya addabe su da yayyaga taru da datse ƙugiya, har hukumomin ƙasar suka shiga biyan lada ga masu kama shi.

Kumbura ba wasa ba ce

Abin da aka fi sanin talibamban da shi shi ne kumbura. Idan ya ji tsoro yakan yi ta haɗiyar ruwa da sauri zuwa cikin tumbinsa, wanda ke iya buɗewa ƙwarai. Ba shi da ƙasusuwan haƙarƙari da za su tare shi, fatarsa kuma tana miƙewa, don haka cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ya ninka girmansa, ƙananan ƙayoyin jikinsa su miƙe. Da haka yake gagarar babban kifin da ke son haɗiye shi.

Wasu masu kiwo kan tsokane shi da gangan don baƙi su ga ya kumbura. Masana na gargaɗi game da hakan. A shekarar 2014 wasu masu bincike a Ostireliya sun gano cewa lokacin kumbura, yawan oksijin da kifin ke amfani da shi kan ninka har kusan sau biyar, kuma yakan ɗauki sa'o'i kafin ya dawo daidai.

Haɗarin ya fi yawa idan iska ya haɗiya maimakon ruwa. Hakan na faruwa ne idan aka ciro shi da raga. Iskar kan maƙale a cikinsa, ya riƙa yawo a saman ruwa ciki sama, ya kasa nutsewa, wani lokaci har ya mutu. Shi ya sa ƙwararru ba sa ɗaga shi da raga. Sukan lallaɓa shi ya shiga bokiti ko roba a ƙarƙashin ruwa, su ɗauke shi da ruwansa.

Cuta da abokan zama

Kamar tarwaɗa, talibamban ba shi da ɓawon nan da ke rufe jikin yawancin kifaye. Wannan ya sa wata cuta mai fito da fararen ƙuraje kamar barbaɗin gishiri take saurin kama shi. Maganin da aka fi amfani da shi wajen kashe ta yana ɗauke da sinadarin tagulla, shi kuwa talibamban ba ya jure wannan sinadari sosai, don haka sai an yi taka-tsantsan wajen auna shi ko a nemi wani magani.

Da yawa kuma kan iso daga teku da tsutsar ciki. Saboda haka ake keɓe sabon kifi a wani tanki daban na tsawon makonni 4 zuwa 6 kafin a haɗa shi da sauran. Ma'ana, mai kiwo na buƙatar tanki biyu.

Game da abokan zama, duk wani abu mai ɓawo abinci ne a wurinsa. Ba a haɗa shi da ƙaguwa ko jatan lande ko katantanwa, kuma yakan gwaguyi murjani mai rai, wanda shi ne abin alfaharin masu tankin ruwan gishiri. Ƙananan kifaye da masu dogayen fika-fikai ma ba su tsira daga cizonsa ba. Manyan kifaye masu iya kare kansu ne kaɗai ke zama da shi, kuma kowane ƙarin kifi na nufin ƙarin ruwa.

Dafin da ba shi da makari

Yawancin nau'o'in talibamban teku na ɗauke da wani dafi mai suna tetrodotoksin, wanda wani masani ɗan Japan, Yoshizumi Tahara, ya raɗa wa suna a farkon ƙarni na 20. Ya fi taruwa a hanta da ƙwai da hanji, a wasu nau'o'in har da fata.

Ƙarfinsa ya ninka na gubar sayanayid fiye da sau 1,000, kuma miligiram 1 zuwa 2 ya isa ya kashe babban mutum. Dafawa ko soyawa ko busarwa ba sa karya shi.

Dafin kan toshe hanyar da jijiyoyi ke aika saƙo zuwa ga tsoka. Wanda ya ci kan fara jin leɓɓansa da harshensa sun mutu, sai jiki ya shanye, daga bisani numfashi ya tsaya, sau da yawa yana cikin hayyacinsa. Har yanzu ba a samo makarinsa ba. Abin da likitoci ke yi shi ne sa mutum a na'urar taimaka wa numfashi har dafin ya fita da kansa, kuma wanda ya wuce sa'o'i 24 galibi yakan tashi.

A shekarar 1774, matuƙin jirgin ruwan nan na Birtaniya, Kyaftin James Cook, ya kwanta rashin lafiya a tsibirin Sabuwar Kaledoniya bayan ya ɗanɗani hantar irin wannan kifi. A shekarar 1975, shahararren ɗan wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, Bando Mitsugoro na Takwas, ya mutu a birnin Kiyoto bayan ya ci hantar. A Bangaladash kuwa, a shekarar 2008, mutane 141 ne suka kwanta bayan sun ci talibamban da aka sayar da araha a kasuwanni, 17 daga cikinsu suka rasu.

A Japan, inda ake kiran sa fugu kuma ake ɗaukar sa a matsayin abincin ƙasaita, sai mai lasisi ke da izinin gyara shi, kuma an haramta sayar da hantar. Tarayyar Turai kuwa ta hana sayar da shi a matsayin abinci baki ɗaya.

Bincike ya nuna cewa kifin na tara dafin ne daga abin da yake ci, asalinsa kuma wasu ƙwayoyin bakteriya ne na teku. Masana a Japan sun gwada kiwon fugu da abinci marar dafin tun yana ƙarami, suka tarar bai tara shi ba. Amma wanda aka kamo daga teku ya riga ya zo da nasa, kuma babu mai iya sanin yawan abin da ya rage a jikinsa ta hanyar kallo.

Ga mai kiwo a gida, kallon kifin ko kula da tankinsa ba ya jawo guba, domin sai an ci shi dafin ke aiki. Haɗarin na zuwa ne idan ya mutu. Dole a cire gawar nan da nan kafin sauran kifaye su fara yagar ta, a kuma zubar da ita inda yara ko kyanwa ko kare ba za su kai gare ta ba.

Daga ina ake kawo su?

Tun lokacin da aka buɗe gidan baje kolin kifaye na farko a gidan namun daji na Landan a shekarar 1853, sha'awar ajiye halittun ruwa a gida ke ƙaruwa. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa ana cinikin kifayen ado na teku miliyan 20 zuwa 24 a kowace shekara, daga nau'o'i 1,471. A shekarar 2023, wani bincike da masana a Jami'ar Portsmouth suka jagoranta ya ƙiyasta halittun teku miliyan 55 a shekara, waɗanda kuɗinsu ya haura dala biliyan 2.

Yawancin kifayen ado na ruwan daɗi a gonaki ake ƙyanƙyashe su. Na ruwan gishiri kuwa, mafi yawa daga teku ake kamo su, kuma kusan dukkan manyan talibamban da ke kasuwa ta wannan hanya suka zo. Ƙasashen Filifins da Indunusiya ne kan gaba wajen fitar da su, sai irin su Siri Lanka da Kenya.

Dubban iyalai a ƙauyukan gaɓar teku na dogaro da wannan sana'a, kuma da yawa da raga suke kamu ba tare da ɓarna ba. Amma tun a shekarun 1960 wasu masunta a Filifins suka fara fesa gubar sayanayid a ramukan murjani don kifi ya sume a ɗauke shi cikin sauƙi. Gubar kan kashe murjanin, kuma kifin da aka kama da ita kan mutu bayan kwanaki ko makonni, sau da yawa a tankin wanda ya saya. An haramta wannan hanya a ƙasashen biyu, sai dai sa ido a kan dubban tsibirai abu ne mai wuya.

Daga hannun masunta, kifin kan bi ta wurin dillalai zuwa filin jirgin sama. Akan hana shi abinci kwana ɗaya ko biyu don kada ya ɓata ruwansa, a sa shi a leda mai ɗan ruwa da oksijin, a rufe a akwati. Ga talibamban akan ninka ledar, domin yana iya huda ta da haƙori. Wasu ba sa kaiwa ƙarshen tafiyar.

Idan ya fi ƙarfin mai shi

Tambayar da masu saye ba su cika yi ba ita ce, ina za a kai kifin idan ya cika tankin?

Shagunan da suka sayar da shi ba kasafai suke karɓar ƙaton kifi ba, domin ba su da wurin ajiye shi kuma masu sayensa kaɗan ne. Manyan gidajen baje kolin kifaye ma sun sha bayyana cewa ba za su iya karɓar duk waɗanda ake kawo musu ba. A Birtaniya har gangami suka yi na jan hankalin jama'a da 'yan kasuwa game da sayar da kifayen da kan yi girma fiye da tankin gida. A Ingila da yankin Wales, dokar kula da dabbobi ta shekarar 2006 ta ɗora wa mai kifi alhakin samar masa da muhalli da abincin da suka dace, kamar yadda ta ɗora wa mai kare ko doki.

Sakin kifin a teku kuma na da nasa haɗarin, domin yana iya kai cuta ko ya zama annoba a inda ba mahaifarsa ba. Misalin da masana kan bayar shi ne na wani kifin ado mai ƙayoyi masu dafi, ɗan asalin Tekun Indiya da Pasifik, wanda aka fara gani a gaɓar jihar Fulorida ta Amurka a shekarar 1985. Ana kyautata zaton masu kiwo ne suka sake shi, kuma daga baya ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye.

Saboda waɗannan dalilai, shawarar da ƙwararru ke bayarwa ita ce mutum ya san ainihin nau'in da zai saya da iyakar girmansa, ya tanadi tankin da zai ɗauke shi a lokacin da ya girma, ya kuma tambayi ta wace hanya aka kamo shi. Ga wanda ba shi da wannan hali, akwai ƙananan talibamban teku na zuriyar Canthigaster, waɗanda yawancinsu ba sa wuce santimita 10 zuwa 12, kuma tanki mai lita 150 zuwa 200 kan wadatar da ɗayansu.